Habila da Wutsiyar Indiya

Akuyar Mama aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Ba wata akuyar a zo a gani ba ce, ƙaho ɗaya gare ta, ga ɓarnar shanyar mutane, amma ranar da aka ja ta zuwa kasuwar Kachia sai da Mama ta share hawaye, kuma har yau ban tantance ba ko ni take yi wa kukan ko akuyar. Ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ce in tura cikin wando, kada in kuskura in ciro su a gaban kowa. Haka na zauna a mota a karkace kamar mai ƙurji, har muka isa Sabon Tasha a Kaduna.

Ku matso, tunda kun nace sai kun ji. Kai Gayus, ajiye wayar nan, ai labarin cikinta zan ba ku. Kullum kuna tsegumi, wai Kawu Ishaku ya yi zaman Kaduna, ya san kwamfuta, me ya dawo yi gida? In kuwa aka ambaci Habila sai ku washe baki kamar shi ya kafa birnin. To yau za ku ji wanda ya kai Habilan.

Na samu aiki a wani ɗan shago a bayan kasuwa, wurin wani mutumin Binuwai, Oga Terna. Da farko buga takardu nake yi da ɗaukar hoton fasfo. Da ya ga kaina yana ja, sai ya ce zai koya mini ainihin abin da ke ciyar da shagon, wai shi es-i-o. Ni da na ji haka na ɗauka sunan wani sabon coci ne, har na ce masa ina da nawa. Ya yi dariya har ya buge kofin shayinsa.

Ga yadda abin yake. In mutum ya ɗauki waya ya rubuta "wurin biki a Kaduna", injin bincike zai jero masa sunaye. Na sama shi ake kira, na ƙasa kuwa ko uwarsa ba ta gangarawa ta same shi. Aikinmu mu tura mai kasuwa sama. Shi kuma injin nan yana duba wa da wa ke ambatonka. Don haka sai mu gina wasu ƙananan shafuka, kowanne yana ba da ɗan labarinsa, a ciki kuma ya nuna yatsa ya ce ku je wurin wane. Shaidu ke nan muke ƙerawa da hannunmu. Injin ba ya son haka, in ya gano duk uwa ɗaya ta haife su sai ya wurgo ka ƙasa, shi ya sa ake rarraba su kamar ba su san juna ba.

Kowane shafi yana da suna, su domen suke cewa, kuma kowane suna yana da wutsiya mai nuna ƙasarsa. Tamu dot en-ji, ta Indiya dot in, haka kowace ƙasa da tata. Abin da Oga ya fi nanata mini shi ne, in kasuwar Kaduna kake so ka ɗaga, to shaidunka su kasance masu wutsiyar gida. In ka je neman aure ai a unguwarku ake tambayar halinka, ba a wurin wani baƙo da bai taɓa ganinka ba. Na riƙe wannan magana gam, na iya aikin nan har Oga yana tafiya gida ya bar mini shago.

Ana nan sai Baba ya aiko cewa Habila na tafe, ɗan ƙanensa, in riƙe shi kamar yadda ya kamata. Wa ya isa ya ce a'a? Na je tasha na ɗauko shi, da jakar buhu da silifas wari da wari. Habilan da kuke gani yanzu da tabarau, ranar da na fara zaunar da shi gaban kwamfuta ɗaga linzamin ya yi sama yana nuna allo da shi kamar rimot. Na ce masa wannan nunin yatsar da shafi ke yi wa shafi sunansa baklink, sai ya tambaye ni ko akwai farin link ɗin ma. Hostin kuwa, wato inda ake ajiye shafukan, ya daɗe yana ce masa hostel. Ni na zauna na koya masa komai, tun daga kunna injin.

Ɗaki ɗaya muke kwana, a gidan wata tsohuwar malamar asibiti da ake kira Mama Felisha. Mace ce da ko inuwarka ta wuce ƙofarta sai ta tambayi ina za ta. Ba a jima ba ta tare ni a bakin famfo.

"Ishaku, mutum nawa na ba wa ɗakin nan?"

"Mama, ƙanena ne, baƙo ne."

"Baƙon da ya san inda nake ɓoye tsintsiyata?"

"Zai tafi, Mama."

"Takalmansa ne za su fara tafiya, ta kan katanga."

Matar da ta faɗi haka, kafin wata ya zagayo ita ce ke ƙwalla kiran Habila ya zo ya karɓi tuwon acca. Ni da na daɗe a gidan, ina gyara mata waya kyauta, ko ruwan sanyi ba ta taɓa miƙo mini ba. Shi ɗan durƙuson nan nasa da murmushi kawai ya yi mata. Wannan halin nasa ne ke ci mini rai tun muna yara, ba ya neman komai, komai ne ke nemansa. Ni sai na yi gumi a kan abu, shi kuwa yana tsaye yana sosa ƙeya abin zai faɗo masa.

To, Oga Terna ya samu wata hanya a Abuja, ya ce zai koma can, kuma ba zai rufe shagon ba, ɗayanmu zai bar wa, da kwamfutoci da janareta da kwastomomi duka. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi da ya ce ɗayanmu. Ni da Habila a awo ɗaya? Amma Oga ya ce shi ba ruwansa da wa ya girmi wa. Akwai sababbin ayyuka biyu a hannu, kowa ya ɗauki ɗaya, wanda ya fara kai nasa sama a binciken Kaduna shi ne mai makulli.

Aiki na farko na Madam Dokas ne, mai wani katafaren zauren biki a can Sabon Tasha, mai na'urar sanyi da fitilu masu juyawa. Na biyu na Alhaji Sule ne, mai sito a unguwar Nasarawa ta Kaduna, busasshiyar citta yake tarawa daga wajejenmu, yana so masu kunu da masu gidajen abinci da 'yan kayan yaji na Kaduna su riƙa samunsa a waya. Kun san al'adarmu, ko nama ake rabo babba ne ke fara sa hannu. Habila ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ya zaɓa. Ban ko yi dogon tunani ba. Ni da na gudo daga yankan citta, hannuna duk ya yi kanta, sai in zo birni in sake faɗawa cikinta? Na ɗauki zauren Madam, na bar masa cittarsa.

Na yi aiki, yara, na yi aikin da ko Oga bai taɓa yin irinsa ba. Sunaye masu wutsiyar gida sun fi tsada, ga wahalar yin rajista, amma su na saya. Na yi shafi guda a kan yadda ake shirya biki a Kaduna, wani a kan masu girkin biki na Kakuri, wani a kan masu hayar kujeru da rumfa na Unguwar Mu'azu. Da ƙafata na bi wuraren nan na ɗauko hotuna, rana tana dukana. Na rubuta wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da buroka, wato Turancin kasuwa, don kada su yi kama da juna. Kowanne na ajiye shi a wuri dabam, kowanne kuma yana nuna zauren Madam Dokas a hankali, ba da garaje ba.

Shi kuwa gogan naku, sai ya shiga kasuwar gwanjo. E, har sunayen shafuka suna da gwanjo, waɗanda masu su suka bari suka mutu, ana sayar da su da araha. Ya kwaso wasu masu wutsiyar Indiya, da 'yan kaɗan na wajen Dubai, wai a da shafukan girke-girke ne da kayan ƙamshi. Ya juyo mini da allo yana murna.

"Yaya, duba, tsofaffi ne, suna da ƙarfi, kuma dama zancen yaji suke yi."

"Habila, Alhaji a Nasarawa yake ko a Indiya?"

"A Nasarawa."

"To shaidun Indiya me suka sani game da Nasarawa?"

Ya sosa ƙeya ya ce ai ya riga ya biya. Allah shaida ne na gaya masa gaskiya, ban rufe shi ba. Amma ban hana shi ba kuma, ai ba ni na haife shi ba. Ya zauna yana ta rubuta Turancinsa na makarantar gwamnati a kansu, busasshiyar cittar Nijeriya, mai yaji, mai ƙamshi, ga lambar Alhaji. Ina kallonsa ta wutsiyar ido, raina fes.

Sannu a hankali zauren Madam ya fara hawa. Yau yana shafi na uku a jerin bincike, an jima yana na biyu, sai ga shi wata safiya a can ƙololuwa. Ko keke napep na shiga sai na ce wa na kusa da ni ya rubuta wurin biki a wayarsa, in ya fito in ce masa aikina ne. Wata mata har ta matsa gefe, ta ɗauka sabon salon sata ne. Madam Dokas ta aiko mini da shinkafar biki a kula, na ci a gaban Habila, na ɗan sam masa ƙashi. Cittar Alhaji kuwa, ka rubuta ta a Kaduna ka gangara har babban yatsanka ya gaji, babu ita babu alamarta.

Ranar da Alhaji Sule ya zo shagon ba zan manta ba. Dattijo ne mai sanyin magana, amma ran nan ko zama bai yi ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce shi masu kunu ya ce a kawo masa, ko ɗaya bai gani ba, sai wasu mutane da ke damunsa tun da sassafe da wani irin Turanci mai gudu, lambobinsu ma ba irin namu ba ne. Ya ce ya tabbata 'yan damfara muka haɗa shi da su, kuma in aka kwashe masa asusu ya san inda zai zo. Oga ya yi ta ba shi haƙuri. Habila ya tsaya jikin bango kamar wanda ruwa ya daka. Ni kuwa na duƙufa a kan kwamfutata, ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. A raina na riga na fara tunanin kalar fentin da zan yi wa shagon.

Don Alhaji ya huce, Oga ya ce Habila ya riƙa zuwa siton yana amsa wayar, in 'yan damfara ne ya kore su. Horo ne aka yi masa, kowa ya san haka. Zai tashi ya hau keke har Nasarawa, ya wuni cikin ƙurar citta yana atishawa, ya dawo idanu jajur. Har tausayinsa na ɗan ji, kaɗan dai.

Ashe mutanen nan ba ɓarayi ba ne. Shaidun Indiya a Indiya suka yi shaida. Duk wanda ya rubuta cittar Nijeriya a can, sunan Alhaji ne ke fito masa, kuma can ɗin masu saye da tirela ne, ba da mudu ba. Ɗaya daga cikinsu ya turo wakilinsa da ke Legas, ya zo ya farke buhu, ya shinshina, ya tauna, ya ce nawa ne duka siton. Duka fa, yara. Kafin a ce haka wani ma ya turo nasa. Ba wata dabara Habila ya yi ba, waya kawai ya ɗaga ya ce halo. Da ni ne a wurin da na fi shi iya bayani, na fi shi Turanci, na fi shi sanin citta, gonarmu ma ta fi tasu girma.

Alhajin da ya zo yana barazana, sai ga shi ya dawo da mota, Habila a gidan gaba. Ya shigo yana cewa ɗana kaza, ɗana kaza, ya kawo wa Oga turmin shadda. Ni ya miƙo mini hannu ya ce sannu Malam, ko sunana bai riƙe ba. Bayansa wasu abokansa suka biyo, mai riɗi, mai zoɓo, mai ƙaro, kowa yana tambaya ina yaron nan mai haɗa mutum da Indiya. Ina zaune a wurin, ni da na san abin da ake yi, suna tsallake ƙafata suna wucewa wurinsa.

Ku kira shi hassada in kun ga dama, ni ma sunan da na ba shi ke nan. Abinci ya daina yi mini daɗi. In ya yi dariya a waya sai in ji kamar da ni yake. Ya sayo sabon takalmi, ya sayo mini irinsa, na tura nawa ƙarƙashin gado ban taɓa sa shi ba. A coci ana waƙa ni ina lissafin yadda aka yi mutum ya yi kuskure aka biya shi, ni na yi daidai aka ba ni shinkafa a kula. Abin da ya fi ƙona ni, ko sau ɗaya bai yi mini fankama ba. Da safe zai gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ya ɗebo mini ruwan wanka.

Duk da haka ban fid da rai ba, don sharaɗi sharaɗi ne. Oga da bakinsa ya ce binciken Kaduna, kuma a Kaduna ni ne a sama, Habila ko a jerin babu shi. Ranar da Oga zai tafi ya tara mu, makullin yana hannunsa yana juya shi. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yabi aikina, ya ce shi kansa ba zai iya abin da na yi ba. Tun daga yabon nan na san an gama da ni.

"Ishaku, kai ka yi aiki daidai," in ji shi. "Amma Habila ne ya kawo kasuwa. Abeg, ka fahimce ni."

Ya miƙa wa Habila makulli. Habila bai karɓa ba, ya mai da hannayensa baya.

"Oga, a ba Yaya. Shi ya kawo ni, shi ya koya mini. Ni dama Alhaji ya ware mini ofis a Nasarawa."

Kun ji fa. Abin da na yi ta zuba gumi a kansa, abin da na hana kaina barci da abinci saboda shi, ashe shi ko buƙatarsa ba ya yi. Da ya karɓa, da na samu abin riƙewa, in ce an zalunce ni, in yi ta faɗa har tsufana. Sai ya bar mini kamar yadda ake bar wa yaro sauran tuwo. Oga ya juyo da hannu wajena, yana murna rigima ta mutu. Na karɓa, na kuma ce na gode, a gaban kowa.

Na riƙe shagon iya ƙoƙarina, kuma ba wai ya mutu ba ne, ana samun na abinci. Amma masu riɗi da zoɓo duk Nasarawa suka bi shi. Ni aka bar ni da masu gyaran gashi da masu makarantun naziri na ƙananan yara. Wannan ma da sauƙi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne sunan da shagon ya samu a layin. In baƙo ya yi tambaya, sai ka ji mai shayi yana cewa ka miƙe, shagon da Habila ya bar wa yayansa. Kullum da safe in na zura makullin nan sai na ji maganar a kunnena. Wata rana na kira wani ɗan Filato da ke sha'awar wurin, muka daidaita, na haɗa kayana na hau motar Kachia. Na ce wa mutane hayaniyar birni ce ta ishe ni.

Sauran kun gani da idonku, Kirsimetin da ya wuce, ranar godiya a coci. Kun ga motarsa, kun ga buhunan shinkafar da ya raba wa gwauraye. Kun ga ya karɓi makirfo ya ce in taso gaba, ya riƙe hannuna ya ɗaga, ya ce wa jama'a duk abin da ya sani wannan ne malaminsa. Kuka yi ta tafi, har da ke Saratu da guɗa. Na tsaya ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo. Abin da ba ku ji ba shi ne wanda ya raɗa mini muna komawa wurin zama.

"Yaya, sunayen nan na Indiya sun kusa mutuwa. In sabunta su, ko in koma masu wutsiyar gida kamar yadda ka ce tun farko? Kai ka san daidai."

Na dube shi ko zolaya yake yi. Wallahi da gaske yake, har yanzu bai san abin da ya yi ba, kuma duk abin da na ce masa shi zai yi. Kalma ɗaya zan faɗa ya rushe komai da hannunsa, kuma kalmar ita ce abin da ke rubuce a ƙa'idar aikin. Mawaƙa suka tashi, aka fara kaɗa ganga, shi yana tsaye yana jirana da tabarau a hannu.

Na ce masa ya sabunta su.